MAHATMA GANDHI: ƊALIBIN DA YA ƘI CIN NAMA A BIRNIN LANDAN

Gabatarwa

Duk wanda ya ji sunan Mahatma Gandhi, abin da yake fara faɗo masa a rai shi ne wani tsoho siriri mai tabarau, ɗaure da farin ƙyalle, wanda ya ja da Turawan Ingila har ƙasar Indiya ta sami 'yancin kai. A wannan ɗan rubutu ina so in bi tarihin wannan bawan Allah ta wata kafa da ba a cika bi ba, wato ta kafar abinci. Dalilina shi ne, gwagwarmayarsa ta farko a kan kwanon abinci ya yi ta, lokacin da yake ɗalibi a ƙasar da ba tasa ba. Mu ɗalibai mun san cewa wanda ya bar gida don neman ilimi, cikinsa ne yake fara ba shi labarin baƙunta. Saboda haka nake ganin tarihin nan zai amfani 'yan'uwana ɗalibai.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Mohandas Karamchand Gandhi ranar 2 ga Oktoba, 1869, a garin Porbandar da ke bakin teku a yankin Gujarat, yammacin Indiya. Mahaifinsa Karamchand ya riƙe muƙami irin na waziri a masarautar Porbandar, daga baya kuma a Rajkot. Mahaifiyarsa Putlibai mace ce mai yawan ibada da azumi bisa addinin Hindu. Gidansu mabiya ɗariƙar Vaishnava ne, kuma a yankin nasu akwai mabiya addinin Jain da yawa, waɗanda suke ƙyamar kashe duk wani abu mai rai, komai ƙanƙantarsa. Don haka nama da kifi da ƙwai ba sa shiga tukunyar gidan.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wanda ba ya cin nama a Indiya gayan ganye yake ci. Abincin mutanen Gujarat ya haɗa da shinkafa, da gurasar alkama da ake kira roti ko capati, wadda masu kallon fina-finan Indiya suka sani, da miyar dangin wake da ake kira dal. Akwai kuma dafa-dukar shinkafa da wake mai suna kicidi, ga madara da nono da man shanu. Ana gyara waɗannan da kayan ƙamshi irin su citta da kurkum da barkono da kanumfari. Haɗuwar hatsi da wake da nono ita ce take ba jiki abin da nama yake bayarwa, kamar dai yadda shinkafa da wake ko fura da nono suke riƙe mutum a nan ƙasarmu.

An yi wa Gandhi aure da Kasturba a shekarar 1883, yana ɗan shekara 13. A wannan tsakani ne wani abokinsa a Rajkot ya cusa masa wani ra'ayi da ya bazu cikin samarin lokacin, cewa Turawa sun mallaki Indiya ne saboda suna cin nama, sun fi Indiyawa ƙarfi. Yaron ya yarda. Suka ɓuya a bakin kogi, ya ci naman akuya a karo na farko. A daren nan bai yi barcin kirki ba, ya yi ta mafarkin akuya tana kuka a cikinsa. Ya ci gaba da ci a ɓoye jifa-jifa har kusan shekara guda, sannan ya daina. Abin da ya sa ya daina shi ne ƙaryar da yake yi wa mahaifiyarsa duk ranar da ya kasa cin abincin dare a gida. A ransa kuwa ya ƙudura cewa in iyayensa suka kwanta dama zai koma cin nama a fili.

Alkawarin da Ya Yi wa Mahaifiyarsa

Mahaifinsa ya rasu a 1885. Bayan ya gama sakandare a 1887, ya shiga Kwalejin Samaldas da ke Bhavnagar, amma zango ɗaya kawai ya yi ya dawo gida. Wani aminin gidansu ya ba da shawarar a tura shi Ingila ya karanta aikin lauya. Mahaifiyar ta ƙi, domin ta ji labarin cewa samarin da suke zuwa can suna lalacewa. Ba ta amince ba sai da wani malamin addinin Jain mai suna Becharji Swami ya sa yaron ya yi rantsuwa a gabanta cewa ba zai kusanci abu uku ba: nama, giya da mata.

Shugabannin jinsinsu na Modh Bania da ke Bombay su ma suka hana shi tafiya, suna ganin ba yadda za a yi mutum ya ƙetare teku ya riƙe addininsa. Da ya ƙi bin umarninsu, suka yanke hulɗa da shi. Ranar 4 ga Satumba, 1888, ya shiga jirgin ruwa daga Bombay, ya bar matarsa da jaririn ɗansu Harilal. A cikin jirgin, kunya da rashin sakin baki da Turanci suka hana shi tambayar wane abinci ne ba nama a ciki. Sai ya riƙa zama a ɗakinsa yana cin alewa da 'ya'yan itatuwan da ya yi guzuri.

Yunwa a Landan

Watannin farko a Landan sun yi masa tsanani. Matan da ya yi haya a gidajensu ba su san abin da za su dafa masa ba, in ban da kunun hatsin da Turawa ke kira ot da safe, sai burodi da dafaffen alayyafo lami, ba yaji ba ƙamshi. Kunya ta hana shi neman ƙari, ga shi saurayi mai cin abinci. Abokansa Indiyawa suka yi ta matsa masa, suna nuna masa cewa ba mai iya jure sanyin Ingila ba nama, kuma alkawarin da aka yi wa tsohuwar da ba ta san ƙasar ba bai zama dole ba. Wani daga cikinsu ya taɓa kai shi wani babban gidan cin abinci da ke Holborn. Da aka kawo romo, Gandhi ya kira sabis don ya tambaya ko da nama a ciki. Abokin ya fusata ya ce ya fita ya jira shi a waje. Da yunwa ya kwana a wannan dare.

Ana nan sai wata rana yana yawon neman abinci ya ci karo da wani gidan abinci na masu ƙaurace wa nama a Titin Farringdon. A nan ya fara cin abinci ya ƙoshi tun zuwansa Ingila. A bakin ƙofar gidan ya sayi wani ɗan littafi na Henry Salt mai suna A Plea for Vegetarianism a kan sule ɗaya. Wannan littafi ya sauya masa tunani. Da can yana ƙin nama ne don cika alkawari, yana kuma fatan ranar da zai ci. Daga ranar ya koma ƙinsa bisa zaɓin kansa, har ya ɗauki aniyar yaɗa ra'ayin.

Ya ɗan yi ƙoƙarin zama Bature na kusan wata uku, ya sayi kwat mai tsada, ya shiga koyon rawa da goge da Faransanci. Da ya tuna cewa yayansa ne yake wahalar aiko masa da kuɗi, sai ya watsar. Ya kama ɗaki ɗaya, ya sayi risho, ya riƙa dafa karin kumallo da abincin dare da kansa, yana rubuta duk kwabon da ya kashe. Ya rage abin da yake kashewa har ya koma sule da taro a rana, kuma ya riƙa taka mil 8 zuwa 10 a ƙasa maimakon shiga abin hawa. Ya ɗan ci ƙwai na wani lokaci, da yake wasu Turawa ba sa lissafa shi cikin nama. Da ya tuna cewa a fahimtar mahaifiyarsa ƙwai nama ne, kuma ita aka yi wa alkawarin, sai ya bari. Wani marubuci ɗan Gujarat mai suna Narayan Hemchandra, wanda suka yi abota a Landan, ya taɓa samo waken da ake kira mung ya dafa masa irin na gida.

A makarantar lauyoyi ta Inner Temple inda ya yi rajista, akwai wata al'ada mai ban mamaki. Kafin a amince da ɗalibi ya zama lauya, dole ya halarci wani adadi na liyafar cin abincin dare a kowane zango. Da farko burodi da dankali da kabeji kawai yake iya ci a wurin, sai daga baya ya nemi a riƙa ba shi abinci marar nama, aka kuwa amince. Ana ajiye kwalbar giya biyu a kowane teburi na mutum huɗu. Saboda haka ɗalibai suka riƙa rububin zama da shi, domin rabonsa nasu ne.

Makarantar Siyasarsa ta Farko

Ya shiga Ƙungiyar Masu Ƙaurace wa Nama ta Landan, kuma a 1890 aka zaɓe shi cikin kwamitin gudanarwarta. Ya kafa reshe a unguwar Bayswater, inda Dakta Josiah Oldfield ya zama shugaba, Sir Edwin Arnold mataimaki, shi kuma sakatare. A 1891 ya rubuta jerin maƙaloli a jaridar ƙungiyar a kan abincin Indiyawa da al'adunsu, waɗanda su ne rubuce-rubucensa na farko da aka buga. A lokacin ko jawabin da ya rubuta ba ya iya tashi ya karanta don kunya. Duk da haka, da shugaban ƙungiyar ya nemi a kori wani likita mai suna Allinson saboda ra'ayinsa a kan taƙaita haihuwa, Gandhi ya goyi bayan likitan, ko da yake shi ma bai yarda da ra'ayin ba. Hujjarsa ita ce ƙungiyar ta abinci ce, ba a kafa ta don binciken sauran ra'ayoyin mutane ba. An kayar da su a ƙuri'a.

A ganina a nan ne ya koyi kiran taro, da rubuta wasiƙa, da tara kuɗin ƙungiya, da tsayawa a kan gaskiya ko da mutum ya rage shi kaɗai. A Landan ɗin kuma ya fara karanta littafin addininsu Bhagavad Gita, cikin fassarar Edwin Arnold, ya karanta Linjila, ya kuma karanta abin da Thomas Carlyle ya rubuta a kan Annabi Muhammadu (SAW). An tabbatar da shi lauya ranar 10 ga Yuni, 1891, bayan kwana biyu ya kama hanyar gida. Da ya sauka Bombay aka shaida masa cewa mahaifiyarsa ta rasu tun yana Ingila, an ɓoye masa ne don kada karatunsa ya lalace. Ya cika mata alkawari, amma ba ta ga dawowarsa ba.

Zamansa a Afirka ta Kudu

Aikin lauya bai karɓe shi a Bombay ba. A 1893 wani attajiri Musulmi mai suna Dada Abdulla ya ɗauke shi aikin wata shari'a a Afirka ta Kudu. A watan Yuni na shekarar aka jefo shi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg saboda ya ƙi barin taragon da aka keɓe wa farar fata, alhali yana da tikiti. Ya je da niyyar shekara ɗaya, ya ƙare da yin 21. Ya kafa ƙungiyar Indiyawan Natal a 1894, da jaridar Indian Opinion a 1903. A 1906 ya fara salon gwagwarmayar da ya sa wa suna satyagraha, wato riƙo da gaskiya da ƙin bin dokar zalunci ba tare da ɗaga hannu a kan kowa ba.

A nan ma abinci bai bar shi ba. A wani gidan abinci marar nama da ke Johannesburg ya haɗu da Henry Polak, wanda ya ba shi littafin John Ruskin mai suna Unto This Last. Ya karance shi a jirgin ƙasa kan hanyar Durban, kuma sakamakon haka ya kafa gandun Phoenix a 1904, inda kowa yake aiki da hannunsa. A 1910 shi da abokinsa Hermann Kallenbach suka buɗe Gandun Tolstoy kusa da Johannesburg. Mazauna wurin sun haɗa da Hindu da Musulmi da Kirista da Farisawa, suna noma abincinsu suna dafawa a tukunya ɗaya. Da watan Ramadan ya kama, ya ƙarfafa wa yaran Musulmi su yi azumi, ya kuma sa sauran yaran su taya su ta hanyar rage cin abinci har yamma. A wannan gandu ya daina shan madara a 1912, bayan ya karanta irin azabar da masu tatsa suke gana wa shanu a Kalkata.

Wannan tsauri nasa ya sha jefa iyalinsa cikin haɗari. A 1902 ɗansa Manilal ya kamu da zazzaɓin taifot a Bombay, likita ya ce a ba shi ƙwai da romon kaza, uban ya ƙi. Haka kuma da Kasturba ta yi ciwo mai tsanani a Durban likita ya nemi a ba ta romon naman sa, ita da mijin suka ƙi, ya ɗauke ta daga hannun likitan. Dukansu biyu sun warke, amma ni dai ban ga wannan a matsayin abin koyi ba, domin ran yaro amana ne a hannun uba.

Komawa Indiya

Ya koma Indiya a watan Janairun 1915. A shekarar ya yi wa kansa alkawarin ba zai ci abinci fiye da iri biyar a yini ba, kuma ba zai ci ba bayan faɗuwar rana. Ya kafa zaurensa a Ahmedabad, wanda ya koma bakin kogin Sabarmati a 1917. Da ya karɓi iyalin wasu mutane daga jinsin da Hindu suke ƙyamar taɓawa, suka riƙa ci tare, masu ba shi taimakon kuɗi suka janye, amma bai kore su ba. A ƙasar da ake gane darajar mutum ta wurin wanda yake yarda ya ci abinci da shi, wannan babban al'amari ne.

A 1918 atini ya kusa kashe shi. Likita ya ce ba zai farfaɗo ba sai da madara. Kasturba ce ta kawo mafita, ta tuna masa cewa shanu da ɓauna yake nufi lokacin da ya yi alkawarin, bai ambaci akuya ba. Ya karɓi nonon akuya, ya ci gaba da sha har ƙarshen ransa, amma abin ya riƙa damunsa, domin yana ganin ya kiyaye lafazin alkawari ya saɓa wa manufarsa.

Babbar gwagwarmayarsa ma a kan kayan miya ta tashi. Gwamnatin Ingila ta hana Indiyawa haƙar gishiri ko sayar da shi, ta kuma ɗora masa haraji, wanda ya fi cutar talaka. Ranar 12 ga Maris, 1930, Gandhi ya fito daga Sabarmati da mutum 78, suka taka kimanin mil 240 zuwa ƙauyen Dandi da ke bakin teku. Ranar 6 ga Afrilu ya ɗebi gishiri da hannunsa, ya karya dokar. Jama'a suka bi sahu a ko'ina, har aka ɗaure fiye da mutum 60,000, shi ma aka kama shi. A 1931 da ya je Landan taron tattauna makomar Indiya, ya yi wa tsohuwar ƙungiyarsa ta masu ƙaurace wa nama jawabi, Henry Salt da ya tsufa yana zaune kusa da shi, shekara 40 bayan kammala karatunsa.

Azumi shi ne ɗaya makamin nasa. A 1924 ya yi kwana 21 ba ya cin komai sai ruwa, a gidan Maulana Muhammad Ali da ke Delhi, don a sasanta Hindu da Musulmi. A 1943 ya sake yin kwana 21 yana tsare a fadar Aga Khan da ke Poona, inda Kasturba ta rasu a 1944. Indiya ta sami 'yanci ranar 15 ga Agusta, 1947, aka raba ta da Pakistan, jini ya kwarara. A wannan shekara wasu suka matsa a yi dokar hana yanka shanu. Shi da yake girmama saniya ya ƙi goyon baya, bisa hujjar cewa Indiya ba ta Hindu kaɗai ba ce, kuma ba a tilasta wa wani addinin wani. A watan Janairun 1948 ya yi azuminsa na ƙarshe a Delhi don a daina kashe Musulmi, a mayar musu da masallatansu. Ranar 30 ga watan, wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi, Nathuram Godse, ya harbe shi yana kan hanyar zuwa wurin addu'a. Ya rasu yana da shekara 78.

Abin da Ake Sukarsa da Shi

Tarihi ba ya cika sai an faɗi ɗaya ɓangaren. A shekarunsa na farko a Afirka ta Kudu, Gandhi ya yi rubuce-rubucen da suka ƙasƙantar da baƙar fata, kuma haƙƙin Indiyawa kaɗai ya nema. Wannan ya sa malamai da ɗalibai a Jami'ar Ghana da ke Legon suka yi ƙorafi a kan gunkinsa da aka kafa a harabar jami'ar a 2016, har aka cire shi a watan Disambar 2018. Dakta Ambedkar, jagoran jinsin da ake ƙyama a Indiya, ya yi jayayya da shi ƙwarai, musamman a kan azumin 1932 da ya tilasta masa janye buƙatar a ware wa mutanensa zaɓe na daban. Babban ɗansa Harilal kuma ya rayu cikin ɓacin rai da uban. A ɗaya gefen, Kwame Nkrumah da Martin Luther King sun amfana da salonsa, kuma masu tarihin Malam Aminu Kano suna ambaton tasirin Gandhi a kan tunaninsa. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ranar haihuwarsa ranar ƙin tashin hankali ta duniya.

Kammalawa

Ban kawo wannan tarihi don in ce wani ya bar cin nama ba, domin addinan da yawancinmu muke bi sun halatta shi. Darasin da na gani shi ne, Gandhi ya isa Landan yana yaro mai kunya, ba wanda zai gan shi in ya karya alkawari, ga yunwa ga matsin abokai, amma ya riƙe. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma wanda ya iya ɗaukar ƙarami shi ake sa ran zai ɗauki babba. Na biyu, ƙaramar ƙungiyar ɗalibai ko ta unguwa ba abin rainawa ba ce, tunda a irinta ya koyi aikin da ya yi wa ƙasarsa. Na uku, a harabar jami'a muna zaune da mutanen da abincinsu ya bambanta da namu saboda addini ko al'ada ko lafiya. Ya kamata masu dafa abinci da hukumomin makarantu da mu kanmu ɗalibai mu riƙa tunawa da su, kada a bar wani ya kwana da yunwa don ya ƙi saɓa wa abin da ya yi imani da shi. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, amin.